Sankarar bakin mahaifa: idan awo ya gaza, wa za a tambaya a Damagaram?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, gidajen rediyon Damagaram kan cika da kira ga mata su fito a duba su kyauta. A rataya kyallaye masu ruwan hoda, manya su yi jawabi, mata su yi layi tun da sanyin safiya. Wata na wucewa sai maganar ta lafa. Ba a sake jin sunan cutar sai a zaman makoki, inda wata za ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ita, «Ai jini ne ya yi ta zuba, an kai ta Yamai aka ce an makara.» Kowa ya ce Allah ya jiƙanta, a shafa fatiha.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: macen da ta rasu da cutar da ake iya gano alamarta shekara 10 kafin ta zama cuta, alhakinta yana wuyan wa? Na ji masu cewa ajali ne, na ji masu ɗora wa miji, na ji masu zagin ma'aikatan likita. Da wuya ka ji an ambaci wanda ya sa hannu a kasafin kuɗi. Kuma a ganina can ne maganar ta fi nauyi.

Cutar da ke ba da wa'adi mai tsawo

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke buɗewa lokacin naƙuda. Kusan duk sankarar da ke kama wannan wuri tana farawa ne daga wata ƙwayar cuta mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ƙwayar ta zama ruwan dare, mafi yawan mutane maza da mata suna gamuwa da ita a rayuwarsu, jiki kuma ya kore ta ba tare da sun sani ba. Saboda haka kamuwa da ita ba shaidar lalata ba ce. Matar aure da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka. Iri biyu daga cikinta, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Idan ƙwayar ta ƙi fita, sai ta riƙa sauya fatar wurin a hankali. Daga wannan sauyi zuwa sankara sosai akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da ƙwayar sida da ba ta shan magani, yana iya zama shekara 5 zuwa 10. A duk tsawon wannan lokaci babu zafi, babu jini, babu komai. Lokacin da mace ta fara ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, sau da yawa aski ya riga ya zo gaban goshi. A nan garinmu ma akan ƙara ɓata wata shida ko shekara ana cewa ciwon sanyi ne, ana sayen ƙwayoyi a hannun masu talla, ana jiƙa sassaƙe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan dubu 660 suka kamu a duniya, kusan dubu 350 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. A Nijar ita ce ta biyu a sankarar mata, bayan ta nono. Aure da wuri da yawan haihuwa suna ƙara haɗarinta, kuma jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a da mutum sama da miliyan 3 da rabi, tana da duka biyun.

Mene ne awon, kuma ta ina yake gazawa

Awon da ake magana ba na marasa lafiya ba ne. Ana yi wa mace mai jin kanta garau, domin a kama sauyin nan tun bai zama cuta ba. Hanya uku aka fi sani. Akwai wadda ake gogo ƙwayoyin fatar wurin a kan gilashi a kai ɗakin bincike wani ya duba da madubin likita. Akwai gwajin HPV kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021, daga shekara 30 da haihuwa, duk bayan shekara 5 zuwa 10, kuma mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta. Sai wadda aka fi yi a ƙasashenmu, da ma'aikata ke kira IVA: ungozoma ta jiƙa auduga da ruwan binigar mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, ta shafa a bakin mahaifa, ta jira minti 1, ta haska fitila. Inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Idan tabon ƙarami ne, akwai ƴar na'ura mai batir da ake ɗora wa wurin da zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, a ƙone shi nan take, mace ta ɗaura zanenta ta koma gida.

Babu awon da ba ya kuskure. Ko a hannun gwani, wani tabon yakan ɓuya. Wannan iyakar ilimi ce, ba a kama kowa da laifinta. Sakaci kuwa daban ne: a bar wanda bai ƙware ba yana dubawa babu mai bin sawunsa, ko a ce wa mace an ga abu sannan a rasa inda za a tura ta. Akwai kuma ɓoyewa, wato a gano an yi kuskure a yi shiru. Mutane sukan cakuɗa waɗannan abubuwa, shi ya sa ko dai su yafe duka da sunan ƙaddara, ko su huce a kan ungozomar da suka gani da ido.

Akwai gazawar da ta fi waɗannan girma a wajenmu, ita ce awon da ba a yi ba sam. Ita ba ta barin takarda, ba ta barin suna.

Abin da ya faru a Ailan

Ƙasar Ailan da ke Turai ta buɗe shirin awon mata na ƙasa baki ɗaya a 2008, mai suna CervicalCheck, ta kuma ba da kwangilar karanta yawancin samfuran ga ɗakunan bincike na Amurka. Wata mata mai suna Vicky Phelan ta yi awo a 2011 aka ce lafiyarta ƙalau. A 2014 aka same ta da sankara. Shirin ya koma ya sake duba tsohon gilashinta, ya ga an karanta shi ba daidai ba, amma ba a faɗa mata ba sai a 2017. Ta kai ƙara. A watan Afrilun 2018 ɗakin binciken ya amince ya biya ta yuro miliyan 2 da rabi ba tare da amsa laifi ba. An nemi ta sa hannu cewa ba za ta fitar da maganar ba, ta ƙi.

Ƙin nan nata shi ya tona asiri. Aka gano mata 221 da sake dubawa ya nuna an iya ba su sakamako daban, kuma yawancinsu ba a sanar da su ba, wasu har sun rasu. Shugabar sashen likitanci ta shirin ta sauka. Shugaban hukumar lafiya ta ƙasar, Tony O'Brien, ya ajiye aiki a watan Mayu. Gwamnati ta ɗauko Dokta Gabriel Scally ya yi bincike, ya fitar da rahoto a watan Satumba da shawarwari 50. A watan Oktoban 2019 firaminista Leo Varadkar ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar matan da sunan ƙasa. Vicky Phelan ta rasu a Nuwamban 2022 tana da shekara 48, a shekarar da ta biyo baya aka kafa dokar da ta tilasta wa asibitoci bayyana wa majiyyaci manyan kurakurai.

Har yau ƴan ƙasar ba su yarda da juna ba a kan ko an yi adalci. Babu ministan da ya sauka. Ministan lafiya na lokacin, Simon Harris, shi ya zama firaminista a 2024. Matakin da ya ɗauka cikin zafin lamarin, na ba kowace mace damar sake awo kyauta, ya jawo cunkoson dubban samfura, mata suka yi watanni suna jiran sakamako. Likitoci kuma sun koka cewa jama'a sun ɗauka duk kuskuren awo sakaci ne. Amma abin da ya ja hankalina shi ne dalilin da ya sa aka iya yin rigimar tun farko. Gilashin 2011 yana nan a ajiye da sunanta. Wasiƙun da jami'ai suka rubuta wa juna suna nan. Lauya ya nema, kotu ta sa aka fito da su, ƴan majalisa suka kira shugabanni suka titsiye su.

Takardar Gwaggo

Shekarun baya na raka ƙanwar mahaifina wani gidan likita ranar da aka yi irin wannan gangami. Mata sun fi ƙarfin benci, wasu a kan tabarma, wasu a gindin bedi da goyo. Ungozoma biyu ne ke aikin, ɗaya tana dubawa, ɗaya tana rubutu a babban littafi. Da Gwaggo ta fito sai na ga tana juya wata ƴar takarda a hannu.

«Gwaggo, me suka ce?»

«Wai sun ga ɗan fari-fari, ɗan nan. In dawo bayan sati biyu, na'urar tana wani gari.»

Ta koma bayan sati biyu. Baƙin da suka kawo gangamin sun tafi da na'urarsu da littafinsu. Majo, wato shugaban gidan likitan, ya karɓi takardar, ya duba gaba da baya, ya ce gaskiya shi ba a bar masa komai ba, ta je babban asibiti. Lokacin shuka ne, kuɗin mota babu, kuma ba ta jin ciwon komai. Ta ninke takardar ta sa a ƙasan kwalla. Shekara 5 bayan nan muka fito da takardar, ranar da za mu kama hanyar Yamai, tawadar har ta dushe.

Na daɗe ina tambayar kaina wa zan kama. Ungozomar ta ga abin da ya kamata ta gani, ta kuma faɗa. Majo bai yi ƙarya ba. Gwaggo ba ta ƙi zuwa ba, sau biyu ta je. Wanda ya tsara a tara mata ɗaruruwa a gaya wa wasunsu suna da tabo, bai tanadi wanda zai bi su ba, shi ne ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na tabbata an ƙirga Gwaggo cikin adadin «matan da aka duba» a rahoton wannan shekara, an kuma tafa.

Laifi daban, alhaki daban

Idan an ce ɗan siyasa ko mai mulki ya ɗauki alhaki, mutane sukan ce ai ba shi ya riƙe auduga ba. Gaskiya ne. Laifi na wanda ya aikata ne da hannunsa. Alhaki kuwa na wanda aka damƙa wa amana ne, ko yana wurin ko ba ya nan, kamar yadda hadisi ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Mai mulki shi ke yanke nawa za a ba lafiya, ina za a kai ungozoma, me za a saya, wane adadi za a riƙa bugawa jama'a su gani. Ɗaukar alhaki a nan yana nufin ya fito ya yi bayani, ya amsa tambaya, ya gyara, in ta kama ya sauka.

Kuma ba a tambayar mutum sai a kan abin da ya yi alkawari. Alkawuran suna nan a rubuce. A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Nijar, kamar yawancinsu, ba ta kai ba. A 2007, zamanin Tandja Mamadou, aka fitar da dokar da ta mayar da kula da sankarar mata kyauta a asibitocin gwamnati, bayan tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ƙasashe mambobinta suka amince da shi: kafin 2030 a yi wa kashi 90 na ƴan mata rigakafin HPV kafin su cika 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani.

Dokar kyauta ta 2007 ita ce ta fi kusa da mu, ita ce kuma ta fi nuna inda gizo ke saƙa. Tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya aika takardun kuɗi, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara da watanni, har da shekaru, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, abin da masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai suka daɗe suna rubutu a kai. Asibitin da ba a biya ba ba ya iya sayen kaya. Sai a ce wa majiyyaciya aiki kyauta ne, amma ga ordinans, je ki sayo. Ita kuma ta fita tana cewa ma'aikata sun cinye, alhali ramin tun daga Yamai aka haƙa shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba za a ce ba a yi komai ba. Akwai rajistar masu sankara a Yamai tun 1992. A 2021 aka buɗe sashen gashin sankara da haske a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje. A 2024 hukumomin yanzu sun rage kuɗin da majiyyata ke biya a asibitocin gwamnati da rabi. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, gashin kuma makonni ake yi ana zuwa kusan kullum. Matar da ta fito daga ƙauyen Tanut ko Gure ko Magarya sai ta nemi kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da abinci, da wanda zai riƙe mata yara. Babu dokar kyauta da ta biya wannan. Abin da ƴar na'ura mai batir za ta gama cikin rabin minti a CSI, wato ƙaramin gidan likita na kusa da gida, shi ke komawa sayar da gona da bisashe.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Jami'ai suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kuɗi kaɗan ne, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna kashe yara a yau ɗin nan, tsaro yana cin kaso mai yawa, takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da kaya a kan iyaka na watanni. Wanda ke da buhu ɗaya da baki goma dole ya zaɓa. Na yarda. Sai dai zaɓi shi ne ainihin aikin mai mulki, kuma wanda ya zaɓa shi ya kamata ya faɗi abin da ya bari da dalilinsa. Binigar da auduga da fitila ba su ne ke karya baitulmali ba. Abin da ke da wuya shi ne horo, da sa ido, da littafin da ba ya ɓata, kuma waɗannan ba sa ɗaukar hoto mai kyau ranar buki.

Wasu kuma suna cewa matsalar daga gida take: kunya, da mijin da ba ya ba da izini, da tsoron a ce mace ta yi wani abu. Akwai wannan, ba na musu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma matan nan su ne ke cika gidajen likita ranar awon ciki da ranar rigakafin yara. Sun riga sun zo, suna zaune a kan benci. Idan mace mai shekara 35 ta kawo ɗanta allura sau biyar babu wanda ya ce mata «Hajiya, an taɓa duba miki bakin mahaifa?», ba kunyarta ce ta hana ba.

Masu cewa ajali ne kuwa, babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga ƙasar da annoba ta ɓarke, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Haƙurin mai makoki ibada ne. Bai zama hujjar da mai riƙe da amana zai fake a bayanta ba.

Rigakafin HPV shi ne babban fata, maƙwabtanmu na Najeriya sun sa shi cikin alluran ƙasa a Oktoban 2023 ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, Ruwanda tun 2011. Sai dai amfaninsa na ƴaƴanmu ne nan da shekara 20. Uwayensu da suka riga suka gamu da ƙwayar, awo kaɗai ya rage musu.

Ƙofar da za a ƙwanƙwasa yanzu

A Ailan majalisa da kotu da jarida ne suka yi aikin. A nan an rushe majalisar dokoki a 2023, an rushe majalisun gundumomi da na jihohi a 2024 aka naɗa masu riƙo. Wannan ya rage wuraren da talaka zai aika a yi tambaya a madadinsa, ko da yake gaskiya ita ce lokacin da ƴan majalisar suke nan ma ba mu ji sun tayar da jijiyar wuya a kan wannan ba. Ƙofofin da suka rage su ne gwamna, da daraktan lafiya na jiha, da babban likitan gunduma, da kwamitin jama'a da ke kula da kowane CSI, da sarakuna, da ƙungiyoyin mata, da rediyo.

Abin da za a tambaye su ba ya buƙatar zagi ko siyasar jam'iyya. Duk wanda ya fito ya ce an duba mata kaza a gangamin bana, a ce masa madalla, nawa aka samu da tabo? Cikinsu nawa aka ƙone wa a ranar? Waɗanda aka ce su dawo, nawa suka dawo, wa ke riƙe da sunayen sauran da lambobin wayarsu? Gidajen likita nawa ne a jihar ke yin awon a watan Maris da Yuli, ba Oktoba kaɗai ba? Nawa gwamnati ta biya asibitoci daga bashin kyauta? Ɗan jaridar da ya yi waɗannan tambayoyi a bana, ya sake yinsu baɗi da amsar bara a hannunsa, ya fi mana mai kawo jawabin buɗe taro.

Ga mace kuma, idan kin kai 30, ko 25 in kina ɗauke da ƙwayar sida, ki nemi awon da bakinki, a CSI ko a cibiyar uwa da yaro ta Damagaram, kada ki jira Oktoba. Kafin ki hau gadon ki tambaya: in an ga wani abu, a nan za a yi maganinsa, ko ina? Ki sa a rubuta miki sakamako da kwanan wata da sunan wurin a cikin karnenki, ki sa ɗanki ko ƙanwarki su ɗauki hotonsa a waya. In an ce ki dawo, ranar da aka faɗa ki dawo, ko da ba kya jin komai.